Marigayi Antal Roka, Gwanin Tafiyar Sauri Na Ƙasar Hangari

In ana zancen bajintar da ƙasar Hangari ta nuna a wasannin Olimfik na birnin Helsinki cikin shekarar 1952, akasarin mutane Ferenc Puskas da ƙungiyar ƙwallon ƙafarsa suke tunawa. Lambobin zinariya 16 ƙasar ta kwashe a wannan shekara. Amma a cikin ayarin akwai wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Antal Roka, wanda ya samo tasa lambar a gasar da ta fi kowace tsawo a fagen guje-guje da tsalle-tsalle, wato tafiyar sauri ta kilomita 50, kimanin mil 31 ke nan.

Wannan gasa ba gudu ba ce. Doka ta hana ƙafafun mai tafiya su rabu da ƙasa gaba ɗaya, kuma alƙalai na tsaye bakin hanya suna lura. Wanda ya yi ta saɓawa, sai a fid da shi, ko da saura taku kaɗan ya ƙare. Wahalar abin ita ce, sa'ad da gajiya ta kama mutum ne ƙafa ta fi son ɗagawa.

A Helsinki Roka ya gama cikin awa 4 da minti 31, ya zo na uku, aka ba shi lambar tagulla. Giuseppe Dordoni na Italiya ne ya ci zinariya, da ratar minti uku da 'yan daƙiƙoƙi kawai, Josef Dolezal na Cekoslobakiya kuwa ya zo na biyu. Bayan shekara biyu suka sake gamuwa da Dolezal a gasar ƙasashen Turai a birnin Bern. Nan ma dai Dolezal na biyu, Roka na uku, Vladimir Ukhov na Tarayyar Sobiyet ya sha gabansu.

Fitarsa ta 1956 ta zo cikin mawuyacin hali. A watan Oktoba mutanen Budapest suka yi bore, farkon Nuwamba tankokin yaƙin Sobiyet suka murƙushe su, kafin watan ya ƙare kuma an buɗe wasannin Olimfik a Melbourne ta ƙasar Ostareliya. 'Yan wasan Hangari sun shiga fage hankalinsu na gida, da yawansu ma ba su koma ba bayan an tashi. Ranar tafiyar an yi zafi mai tsanani wanda ya sa wasu suka janye a hanya. Norman Read na Niyu Zilan ya ci, Roka ya jure har ƙarshe ya zo na biyar. Ba a ba na biyar lamba, amma da wuya a ce wannan tafiya ta gaza ta Helsinki daraja.

Roka ya rasu a shekarar 1970 yana da shekara 43, shekara biyu bayan ɗan ƙasarsu Antal Kiss ya ci lambar azurfa a wannan gasa a birnin Meziko. Ita kanta tafiyar kilomita 50 an cire ta daga Olimfik bayan wasannin Tokyo da aka yi a 2021.