Gwamna Girouard, Baturen da ya ɗora tashar Baro a bakin Kwara

Duk faɗin Madawa da Buza da Keita babu tashar jirgin ƙasa ko ɗaya. Amma tsofaffin fatake na wannan yanki sun san jirgi, don shi ya juya akalar kasuwancinsu daga arewa zuwa kudu. Mutumin da ya aza harsashin wannan sauyi shi ne Percy Girouard.

An haife shi a birnin Monreyal na ƙasar Kanada ran 26 ga Janairu 1867. Mahaifinsa alƙali ne, jikan Faransawan da suka zauna can. Ya gama makarantar soja ta Kingston a 1886, ya yi shekara biyu yana aikin hanyar jirgi, sa'an nan ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila a 1888.

A Sudan ya yi suna. A 1897 ya ratsa hamada da layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, wajen kilomita 370, don kai soja da kayan yaƙi. Da wannan hanya Ingilishi suka samu ƙarfin cin Umdurman a 1898. Bayan haka ya riƙe hanyoyin jirgi na Afirka ta Kudu lokacin yaƙin Buwa.

A 1907 aka turo shi Arewacin Nijeriya ya gaji Lugga. A shekarun nan ne Faransa da Ingila ke kafa alamun iyaka tsakanin Kwara da tafkin Cadi, iyakar da ta bar Madawa a hannun Faransa, Sakkwato da Katsina a hannun Ingila. Babban aikin da aka ɗora wa Girouard shi ne kai jirgi Kano.

Aka zaɓi Baro, wani ɗan ƙauye na ƙasar Nufe a bakin Kwara, don jiragen ruwa na iya hawowa daga teku har can idan kogi ya cika. Nan aka riƙa sauke ƙarafa da kawunan jirgi, nan aka gina tasha da ɗakunan ajiya. Girouard ya nace a yi aikin da araha. Arahar kuwa talakawa suka biya ta: ta hannun sarakuna aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka ana kai su haƙa da ɗaukar ƙasa, da yawansu ba da son ransu ba. Wannan ne Hausawa ke kira aikin diga.

Layin ya bi ta Mina da Kaduna da Zariya, wajen kilomita 570, ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Matafiyi kan sauka daga jirgin ruwa a Baro ya hau na ƙasa, tare da gishiri da yadi da kananzir. Tafiyar da ayari ke yi cikin makonni ta koma ta ƴan kwanaki.

Girouard bai ga wannan rana ba, don tun 1909 aka mai da shi gwamnan Afirka ta Gabas, wadda ake kira Kenya yau. Can ya goyi bayan tayar da makiyayan Masai daga ƙasarsu ta Laikipiya don a ba Turawa, rigimar da ta sa ya ajiye aiki a 1912. Ya koma Ingila, ya shiga kamfanin ƙera makamai, ya rasu a Landan ran 26 ga Satumba 1932.

Ita ma Baro darajarta ba ta daɗe ba. A 1912 layin Ikko ya haɗu da nata a Mina, a 1916 kuma aka gama gadar Jebba. Kaya suka fi son hanyar da ba ta jiran cikar kogi. Baro ta zama reshe, daga baya jirgi ya daina zuwa.

Ingilishi sun yi dogon ne da kwaɗayin auduga, sai manoma suka zaɓi gujiya, don ta fi kuɗi kuma ana cin ta idan shekara ta ƙi. Ayarin Tarabulus ya mutu. A 1929 wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda, ƙasa da kilomita 200 daga Madawa. Jakuna da raƙuma na Gobir da Adar suka riƙa gangarawa kudu da gujiya da fatu da dabbobi, samari kuma suna bin su cin rani.

Faransa ba ta ja nata dogo zuwa Nijar ba. Layin Kutunu ya tsaya Faraku a 1936. An shimfiɗa na Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, an kuma aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Ma'aikacin da za a ba zanen irin wannan hanya ya kamata ya tuna da Baro: kafin a kafa tasha, a tambayi wa za ta ɗauka, me za ta ɗauka, kuma wa zai yi gumin gina ta.