Axel Cronstedt, mutumin da ya gano nikel da dutse mai tafasa

A shekarar 1756 wani jami'in hukumar ma'adinai ta ƙasar Suwidin ya ɗora ɗan guntun dutse a bakin wuta, yana hura ta da siririn bututu irin na maƙeran zinariya. Sai dutsen ya kumbura, yana kumfa kamar tukunya ta tafaso. Jami'in, Axel Fredrik Cronstedt, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ta tafasa da ta dutse, ya raɗa masa suna zeyolit. Ruwan da ke maƙale a cikin dutsen ne ke fita da zafi.

An haifi Cronstedt ranar 23 ga Disamban 1722 a yankin Södermanland. Mahaifinsa injiniyan soja ne. Ya yi karatu a jami'ar Uppsala, daga nan ya shiga aikin ma'adinai, inda ya koyi sarrafa ƙarafa a hannun Georg Brandt, wanda ya gano kobalt.

Abin da ya fara fito da sunansa ma ba zeyolit ba ne. Mahaƙan Jamus sun daɗe suna tsine wa wani jan dutse mai kama da na jan ƙarfe, wanda in an narka shi ba a samun jan ƙarfe ko ƙyas. Suka ce aikin aljani ne, suka kira shi kupfernickel. A 1751, yana nazarin dutsen da aka haƙo a ramin kobalt na garin Los, Cronstedt ya fitar da wani farin ƙarfe da ba a sani ba. A 1754, da ya tabbatar shi ne ke cikin wancan jan dutsen, sai ya gutsure sunan ya kira shi nikel.

Masana da dama ba su yarda ba. A ganinsu gauraye ne kawai na kobalt da baƙin ƙarfe da arsenik da jan ƙarfe. Sai a 1775 Torbern Bergman ya tace shi sosai, ya nuna ƙarfe ne mai zaman kansa. A lokacin Cronstedt ya shekara goma a kabari, domin ya rasu ranar 19 ga Agustan 1765 yana da shekara 42. Ko littafinsa na 1758, wanda ya karkasa duwatsu bisa sinadaran da ke cikinsu maimakon kamanninsu, fitar da shi ya yi ba tare da sa sunansa ba.

Shi kuwa zeyolit kusan shekara 200 ya yi ana ajiye shi a akwatunan masu tara duwatsu. Daga baya aka gane cewa cikinsa ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma, masu faɗi daidai da ƙwayoyin sinadarai. Masana irin su Richard Barrer suka koyi ƙera shi a ɗakin gwaji, kuma a 1962 kamfanin Mobil na Amurka ya fara amfani da shi wajen farfasa mai mai kauri ya koma fetur.

A matatun mai na yau ne abubuwan nan biyu da ya gano suka haɗu, kuma zaman nasu na ƴan marina ne. A wani sashe, da gangan ake ɗora nikel a kan zeyolit tare da wani ƙarfen, domin a gaggauta haɗuwar mai da iskar haidirojin a samu gazuwal da kananzir masu tsabta. A wani sashen kuma, nikel ɗin da ke zuwa cikin ɗanyen mai shi ne ke manne wa garin zeyolit, ya ƙara masa baƙin gawayi, ya rage masa aiki, har sai an riƙa kwashe tsohon ana zuba sabo kowace rana.