Yusufu Bala Usman

Yusufu Bala Usman (1945 – 24 ga Satumba, 2005), wanda aka fi sani da Dakta Bala Usman, malamin jami'a ne, masanin tarihi kuma marubuci ɗan asalin Jihar Katsina. Ya shafe fiye da shekara 30 yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A Sashen Tarihi yake, amma da yawa daga cikin waɗanda suka san sunansa a wajen jami'a sun san shi ne ta hanyar laccocinsa da rubuce-rubucensa kan tattalin arzikin Nijeriya, musamman adawar da ya yi da karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF.

Asali da karatu

An haife shi a garin Musawa a shekarar 1945, a gidan sarauta ta ɓangaren uwa da uba. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ya fara firamare a Musawa, ya ci gaba a Kankiya da Minna, sannan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya tafi Ingila, inda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster.

Ya dawo gida a 1967, ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Barewa ta Zariya. Daga baya ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, ya kammala a 1974.

Bincikensa kan ƙasar Katsina

Kundin digirinsa shi ne ya zama littafin The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda maɗaba'ar jami'ar ta buga a 1981. Kafin shi, Turawa da dama da suka rubuta tarihin ƙasar Hausa suna kallon jihadin 1804 a matsayin faɗa tsakanin ƙabila biyu, Fulani da Haɓe. Bala Usman ya ƙi wannan fassara. Ya bi tarihin garuruwa da hanyoyin fatauci, da ƙaurar jama'a, da yadda ake karɓar haraji da mallakar gona, ya nuna cewa a kowane ɓangare na yaƙin akwai mutane masu asali daban-daban, kuma abin da ya rushe tsari ne na mulki da cin arziki.

Wani abin lura ga ɗaliban harshe shi ne yadda ya bar kalmomi irin su sarauta, ƙasa, birni da gari da Hausarsu a cikin rubutun Ingilishi, don kalmomin Turanci da aka saba ɗora musu suna zuwa ne da ma'anar wata al'umma. Haka kuma ya yi nazari kan bayanan Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratsa Katsina tsakanin 1851 da 1854, inda ya ja hankalin ɗalibai su riƙa tambayar wanda ya ba matafiyi labari, da harshen da aka yi maganar da shi, kafin su ɗauki abin da ya rubuta.

Tsarin mulki da siyasa

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sa shi cikin kwamitin mutum 49 da aka ɗora wa rubuta daftarin tsarin mulki, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Shi da Dakta Segun Osoba sun ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daftarin a 1976. Babban abin da suka nema shi ne haƙƙin ilimi da lafiya da aikin yi su zama abin da talaka zai iya kai gwamnati kotu a kansu. Gwamnatin soja ta Obasanjo ba ta karɓi rahoton ba. An sake buga shi a 2019.

A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar PRP, ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar Katsina. Gwamnatin Balarabe Musa da ya yi wa aiki ita ce ta soke haraji da jangali a jihar. Jikan sarakuna biyu a cikin jam'iyyar talakawa abu ne da ya jawo masa yabo da zargi a lokaci guda. Majalisar jihar ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, daga baya Bala Usman ya koma aji.

Muhawara kan tattalin arziki

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Masana'antu suka rasa kayan aiki daga waje, aka shiga sallamar ma'aikata, madara da sukari da sabulu suka yi wuya. Amsar da aka fi ji a bakin jami'an gwamnati ita ce kasuwar mai ta duniya ce ta jawo haka.

Bala Usman bai yarda ba. A ganinsa faɗuwar farashi ta tona asirin ɓarnar da aka daɗe ana yi ne kawai. Ya ɗora alhakin a kan 'yan kwangila da dillalai da masu ba da shawara da ake biya maƙudan kuɗi, waɗanda ke zaune tsakanin baitulmali da kamfanonin ƙasashen waje: a ninka kuɗin kwangila, a ƙara farashin kayan da aka shigo da su a takarda, a fitar da rarar zuwa bankunan Turai. Yana da ɗabi'ar ambaton sunayen kamfanoni da mutane da adadin kuɗi, ya kuma faɗi takardar da ya samo su, sau da yawa daga rahotannin gwamnatin kanta. Wannan ne ya sa laccocinsa ke jan ɗalibai daga sassan da ba nasa ba.

A 1984 ya yi wata sananniyar muhawara ta rubutu da Yusuf Bangura, ɗan ƙasar Saliyo da ke koyar da kimiyyar siyasa a jami'ar. Bangura ya ce mayar da hankali kan sata da dillalai na sa a manta da tushen matsalar, wanda ke cikin yadda jari-hujja kanta ke tara riba, ko da babu ɓarawo ko ɗaya. Dukansu 'yan ra'ayin gurguzu ne, kuma sukar Bangura tana da nauyi: Bala Usman ya fi ƙarfi wajen nuna inda kuɗi suka bi, fiye da gina ƙa'idar da za ta bayyana rikicin baki ɗaya.

Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, ya buɗe wa 'yan ƙasa fili su tattauna ko a karɓi bashin IMF. Sharuɗɗan sun haɗa da karya darajar naira, da janye tallafin mai, da buɗe ƙofa ga kayan waje. A littafinsa Nigeria Against the IMF: The Home Market Strategy, wanda ya fito a 1986, ya kawo shawarar a gina tattalin arziki kan kasuwar cikin gida: abin da manomi ya noma ya shiga masaƙa da masana'antar ƙasa, abin da masana'anta ta ƙera kuma ya koma wa manomi. Gwamnati ta sanar da ƙin karɓar bashin a watan Disamban 1985, amma a tsakiyar 1986 ta ƙaddamar da shirin SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan. Cikin 'yan watanni dala ɗaya, da ake saya a kan kimanin naira ɗaya, ta kai wajen naira huɗu.

A wannan zamani ne shi da abokan tafiyarsa suka riƙa fitar da mujallar The Analyst da takwararta ta Hausa, Fitila. A 1987 ya buga The Manipulation of Religion in Nigeria, inda ya ce masu hannu da shuni na fakewa da addini don raba kan talakawa. A 1989 gwamnatin soja ta kore shi daga aiki. Ya kai ƙara, kotu ta mayar da shi.

Shekarunsa na ƙarshe

Ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya. A 2000 shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria. Matsayinsa kan arzikin mai, cewa na 'yan Nijeriya ne duka, har da hujjar da ya kawo ta cewa kogunan Kwara da Binuwai ne suka tara laka da ta samar da yankin Neja Delta, ya fusata masana daga yankin, cikinsu har da Farfesa Peter Ekeh, wanda ya mayar masa da martani mai zafi.

Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60, ba tare da ya hau kujerar farfesa ba, ko da yake ɗalibansa da dama sun hau. Bayan rasuwarsa an tattara maƙalunsa kan nazarin tarihi a littafin Beyond Fairy Tales, an kafa cibiya da sunansa a Zariya, kuma gwamnatin Jihar Katsina ta sa wa kwalejin koyon shari'a da ke Daura sunansa.