Marigayi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku: Ɗan Dange da Ya Shekara 50 a Kan Gadon Mulki

 

A shafin tarihin magabata na wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da ya fi kowane ɗan Dange ɗaukaka a ƙarnin da ya gabata, wato Mai Alfarma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Allah Ya jiƙansa da rahama. Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa wata muhawara ce da ba ta ƙarewa a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna birane. Duk sa'ad da aka nemi gudummawar bikin cikar wani basarake shekara kaza a kan karaga, sai kai ya rabu. Wasu na ganin girmama sarauta girmama asali ne, wasu kuma na lissafin rijiyar burtsatse nawa kuɗin za su gina a gida. Wanda ya kai shekara 50 yana sarauta, aka kuma yi masa irin wannan biki yana raye, lalle tarihinsa na da abin da zai ƙara wa kowane ɓangare.

Haihuwarsa da nasabarsa

An haifi Abubakar a nan Dange ranar 15 ga Maris 1903. Mahaifinsa shi ne Usman Shehu, ɗan Sarkin Musulmi Mu'azu, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Masu tarihi ba sa wuce wannan rana ba su tsaya ba, domin a ranar ce sojojin Ingila suka ci Sakkwato da yaƙi a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'arsa, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ke nan jaririn da aka haifa a Dange bai taɓa ganin daular kakanninsa tana cin gashin kanta ba, ko da na yini guda.

Ya yi karatun allo da na littattafai kamar yadda 'ya'yan gidan suka gada. Daga 1929 zuwa 1931 ya yi aikin magatakardan gunduma a ƙarƙashin baffansa Hassan ɗan Mu'azu, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Ɓauran Dange a lokacin. Aikin magatakarda ba ƙaramar makaranta ba ce. Shi ke rubuta haraji gida-gida, shi ke ƙidayar shanu don jangali, shi ke sanin wane ƙauye ne gero bai yi ba har mutanensa suka tafi cin rani. A nan ne ya fara sanin talaka da idonsa.

A 1931 Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya yi murabus, aka naɗa Hassan a madadinsa. Sabon Sarkin ya tafi da ɗan ɗan'uwansa Sakkwato, ya naɗa shi Sardauna, ya kuma shigar da shi majalisa, inda aka danƙa masa kula da 'yan doka da gidan yari na En'e. Mai karatu ya riƙe waɗannan ma'aikatu biyu a zuciyarsa, za mu sake haɗuwa da su a gaba.

Hawansa gadon mulki, da zamansa da Sardauna

Da Allah Ya yi wa Sarkin Musulmi Hassan rasuwa a 1938, 'ya'yan sarauta da dama suka nemi gadon. Cikinsu akwai Ahmadu, Sarkin Gobir na Isa, wanda masu sha'awar waƙar fada suka sani a matsayin ubangidan Narambaɗa, akwai kuma wani matashi mai ilimin boko, Ahmadu hakimin Rabah. Masu zaɓen sarki da Turawa suka tsaya a kan Abubakar, ya zama Sarkin Musulmi na 17 ranar 17 ga Yuni 1938, yana da shekara 35 a duniya. Sarautar Sardauna da ya bari sai aka ba Ahmadu Rabah, aka tura shi Gusau. Shi ne Sir Ahmadu Bello da duniya ta sani daga baya.

Ba za mu yi wa tarihi kwaskwarima ba: farkon zaman mutanen nan biyu bai yi daɗi ba. A 1943 an tuhumi Sardauna da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi a Zariya. Wannan shari'a ta nuna irin ƙarfin da fada ke da shi a wancan zamani, yadda ko jikan Bello bai fi ƙarfin a gurfanar da shi ba, balle talaka. Daga baya aka sasanta su. Da siyasa ta zo, Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, sai al'amarin ya juye: a Kaduna Sarkin Musulmi na ƙarƙashin gwamnatin Sardauna, a Sakkwato kuma Sardauna bafaden Sarkin Musulmi ne. Zama irin wannan ya kayar da wasu. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, duk da ƙarfinsa da kusancinsa da Firimiya, murabus ya yi a 1963. Abubakar kuwa ya iya takunsa har ƙarshe. Ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Kaduna, ya riƙe muƙamin ministan da ba shi da ma'aikata, ya kuma shugabanci Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962. Ranar da Arewa ta karɓi mulkin kai, 15 ga Maris 1959, ta dace da cikarsa shekara 56 da haihuwa.

Ranar da aka fi tuna shi da ita ta zo ne a Janairun 1966, lokacin da sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas. Sakkwato ta yi zafi, jama'a suka zuba wa fada ido suna jiran kalma ɗaya. Sarkin Musulmi ya kira mutane zuwa ga haƙuri da addu'a. A ganinmu, ko da wannan kaɗai ya aikata a shekaru hamsin ɗinsa, ya ci a tuna da shi, domin babu wanda ya san iyakar jinin da zai zuba da ya furta akasin haka.

Yadda iko ya bar fada

Wanda ya hau gado a 1938 sarki ne mai kotu, mai 'yan doka, mai gidan yari, mai baitulmali, wanda ƙasarsa ta miƙe daga iyakar Nijar har bayan Gusau. Cikin shekara 10 kacal aka zare waɗannan ɗaya bayan ɗaya. A 1967 Janar Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, gwamna ya tare a gari ɗaya da Sarkin Musulmi. Ba a jima ba aka soke kotunan sarakuna, aka mayar da alƙalai ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. Gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya, 'yan doka aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Ma'aikatu biyun nan da ya fara aikin majalisa da su yana Sardauna, a gabansa aka karɓe su. Sannan a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi, majalisar sarki ta koma ta bayar da shawara.

Bai yi jayayya da kowace gwamnati a bainar jama'a a kan wannan ba. Ya zauna lafiya da Ironsi da Gowon da Murtala da Obasanjo. Ya ga Turakinsa, Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ya naɗa wannan sarauta a 1962, ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya kuma ga an hamɓarar da shi a ranar ƙarshe ta 1983, bai bar Sakkwato ta harzuƙa ba. Wasu na kiran wannan hali sanyin jiki, mu kuwa muna ganin sanin zamani ne. A daidai lokacin da ikon hannu ke raguwa, girmansa na addini ƙaruwa ya yi. Da aka kafa Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a 1973, shi aka ba shugabanci, har ya kasance Musulmin Legas da na Maiduguri kan saurari sanarwar ganin wata daga fadarsa. Yana da kuma mashawarci irin wanda ba kowane sarki ke dacewa da shi ba, wato Waziri Junaidu, malamin tarihi da Larabci, wanda ya riƙe wazirci tun 1948.

Bikin shekara 50

A watan Yuni na 1988 ya cika shekara 50 a kan gado, abin da babu wani Sarkin Musulmi da ya taɓa yi tun daga Shehu. Muhammadu Bello kansa shekara 20 ya yi. Sarakuna da manyan gwamnati suka hallara a Sakkwato domin taya shi murna. A lokacin tsufa ya riga ya kama shi, yawancin hidimar fada na wuyan ɗansa Muhammadu Macciɗo, Sarkin Kudu.

Ya kamata mu tuna irin Arewar da aka yi wannan biki a cikinta, don kada matasanmu su ɗauka cewa su suka fara tambaya a kan sarauta. Tun a watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta tsaya a kan ƙwato wa talaka 'yancinsa daga hannun masu sarauta, kuma 'ya'yanta da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai a faɗin Arewa, har da Lardin Sakkwato. Malam Sa'adu Zungur ya gargaɗi sarakuna a waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya. A Jamhuriya ta Biyu gwamnonin PRP, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali, kuma takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero a 1981 ta jawo tarzomar da aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta. Ta fuskar addini ma akwai masu cewa kakaki da kirari da faɗuwa gaisuwa suna cikin al'adun da Shehu ya soki sarakunan Hausa a kansu, kuma wannan magana ta ƙara ƙarfi bayan kafa Izala a 1978. Ga kuma matsin tattalin arziki: tsarin SAP ya karya darajar naira tun 1986, a watan Afrilun 1988 ma an yi zanga-zanga a kan ƙarin kuɗin man fetur.

Waɗannan dalilai ba na banza ba ne, kuma ba ma goyon bayan dattijon da zai rufe bakin yaro don ya kawo su. Amma idan aka auna su da mutumin da aka taru dominsa a 1988, sai a ga ba su same shi yadda suka sami wasu ba. Dattijo ne mai shekara 85 wanda ba ya iya ɗaure kowa, ba ya iya ba kowa kwangila, ba ya iya korar ko masinja daga aikin gwamnati. Wanda ya je gaishe shi a 1940 ana iya cewa tsoro ne ya kai shi. Wanda ya je a 1988 babu abin da zai tsorata da shi. Abin da ya tara jama'a shi ne shaidar da suka yi masa ta shekara hamsin: bai saka rawaninsa a cikin rigimar jam'iyyu ba, bai zuga kowa a ranar da zuga ke da sauƙi ba, ƙofarsa kuma a buɗe take ga mai kuka. Saboda haka, idan ana gardamar biki a tsakaninmu, mu a namu ra'ayin adadin shekarun ba shi ne abin dubawa na farko ba. A fara tambayar abin da mai rawanin ya yi da su, a kuma tambayi daga aljihun wa kuɗin hidimar za su fito, domin gudummawar da mutum ya bayar don ransa daban take da kuɗin ƙaramar hukumar da asibitinta ba magani.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan bikin, ranar 1 ga Nuwamba 1988, Allah Ya karɓi abinSa. Abin da ya faru a makon ya nuna cewa natsuwar da aka saba gani a Sakkwato ta jingina ne da shi kansa fiye da kujerar. Da farko labari ya bazu cewa an zaɓi Macciɗo, jama'a suka fara murna. Sai gwamnatin soja ta zamanin Janar Babangida ta sanar da Alhaji Ibrahim Dasuƙi, Baraden Sakkwato, wanda ya fito daga gidan Buhari ɗan Shehu. Gari ya yamutse kwanaki, aka yi ƙone-ƙone, aka rasa rayuka. A watan Afrilun 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuƙi ta naɗa Macciɗo, wanda ya yi shekara 10 kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006. Ƙanensa Muhammadu Sa'ad Abubakar, tsohon birgediya janar na soja, ya gaje shi ranar 2 ga Nuwamba 2006 a matsayin Sarkin Musulmi na 20. 'Ya'yan ɗan Dange biyu ke nan suka hau gadon bayansa.

Zare ikon da aka fara a zamaninsa kuwa bai tsaya ba. Tsarin mulkin 1999 bai tanadar wa sarakuna wani aiki ba, sannan a 2024 Jihar Sakkwato ta gyara dokar masarautu ta yadda naɗin hakimai da dagatai ya koma hannun gwamna, fada sai dai ta miƙa sunaye. Babban filin jirgin saman Sakkwato, wanda da yawanmu ke sauka a cikinsa idan za mu zo gida hutun Sallah, sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yake ɗauke da shi.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.