Tafidan Katsina Shehu Musa 'Yar'adua: Jagoran da kotun soja ta raba da akwatin zaɓe

A ranar 8 ga Disamba, 1997, Allah ya yi wa Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'adua rasuwa yana fursuna a gidan yarin Abakaliki, yana da shekara 54. Bai taɓa tsayawa babban zaɓen shugaban ƙasa ba, amma shari'ar da aka yi masa ta bar tabo a zaɓukan Najeriya har bayan ransa.

An haife shi a Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'adua, Matawallen Katsina, shi ne ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Bayan karatun sakandare a Katsina, ya shiga aikin soja a 1962, ya samu horo a Sandhurst ta ƙasar Ingila, ya kuma fafata a yaƙin basasa. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da Janar Yakubu Gowon a Yulin 1975, Janar Murtala Muhammad ya ba shi ma'aikatar sufuri. Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, sai ya zama na biyu a gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, har suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Bayan ya tuɓe kaki ya shiga noma da kasuwanci, sannan ya tsunduma siyasa a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ƙungiyarsa ta People's Front ta tara mutane daga Kudu da Arewa, irin su Babagana Kingibe da Atiku Abubakar da Lamidi Adedibu. Da gwamnati ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista a 1989 ta kafa SDP da NRC da kanta, mutanensa suka shiga SDP suka zama ƙashin bayanta. A zaɓen fidda gwani na 1992 shi ne kan gaba, ya sha gaban Cif Olu Falae, amma Babangida ya soke zaɓen bisa zargin maguɗi, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. A babban taron SDP na Jos a Maris 1993, Atiku ya janye wa Cif M.K.O. Abiola, wanda ya samu tikitin. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, ɓangaren Tafida ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, matakin da magoya bayan Abiola ba su manta ba har gobe.

A Abuja ne ƙaddara ta cim masa. Janar Sani Abacha, wanda ya karɓi mulki a Nuwamban 1993, ya buɗe taron tsara kundin mulki a babban birnin a Yunin 1994, kuma Tafida ya halarta a matsayin zaɓaɓɓen wakili daga Katsina. A Disamban wannan shekara wakilai suka zartar da ƙudurin cewa soja su koma bariki ranar 1 ga Janairu, 1996. Ba a ɓoye yake ba cewa mutanensa ne suka haɗa kan ƙuri'un. A watan Maris na 1995 aka kama shi, aka kama Obasanjo da hafsoshi irin su Kanar Lawan Gwadabe, bisa zargin kitsa juyin mulki. Ba a daɗe ba taron ya janye wa'adin da ya ɗiba.

Kotun soja ƙarƙashin Birgediya Janar Patrick Aziza ta zauna a Legas a asirce, ba 'yan jarida, ba damar ɗaukaka ƙara zuwa kotunan farar hula. A Yuli ta yanke masa hukuncin kisa. Bayan matsin lamba daga ƙasashen duniya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 25 a Oktoba, na Obasanjo kuma ya koma 15. Rasuwarsa bayan shekara biyu ta haifar da zargin cewa akwai hannun hukuma, zargin da aka tayar a gaban kwamitin Mai Shari'a Oputa.

Da Tafida da Obasanjo a kurkuku, Abiola kuma yana tsare tun Yunin 1994 bisa tuhumar cin amanar ƙasa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, fagen siyasa ya zama kango. Jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista duk suka tsayar da Abacha ɗan takararsu a Afrilun 1998, jama'a kuma suka ƙaurace wa zaɓen majalisun tarayya na wannan wata.

Sai dai ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998, Abiola ya bi shi ranar 7 ga Yuli. Janar Abdulsalami Abubakar ya saki Obasanjo, ƙungiyar PDM ta almajiran Tafida kuma ta zama ɗaya daga ginshiƙan jam'iyyar PDP. Su ne suka mara wa Obasanjo baya ya kayar da Dakta Alex Ekwueme a Jos, ya ɗauki Atiku mataimaki, ya doke Falae ranar 27 ga Fabrairu, 1999. Ƙanen marigayin, Malam Umaru Musa 'Yar'adua, ya zama gwamnan Katsina a wannan shekara, sannan shugaban ƙasa a 2007. Hukuncin da aka yi don share fage shi ya ƙara wa waɗanda aka ɗaure farin jini.

Sashe na 137 na kundin mulkin 1999 ya hana takarar shugaban ƙasa ga wanda ke ƙarƙashin hukuncin kisa, ko wanda kotu ta samu da laifin rashin gaskiya cikin shekara goma kafin zaɓe. Don haka duk shari'ar da ta shafi jagoran siyasa tana iya canza sunayen da ke kan takardar ƙuri'a. Babu wanda ya fi ƙarfin doka, amma shari'ar da aka yi a ɓoye, mai ƙara kuma shi ne ya naɗa alƙalai, ba ta gamsar da masu zaɓe.

A yau cibiyar da ke ɗauke da sunansa a tsakiyar Abuja tana karɓar tarukan dimokuraɗiyya da shugabanci nagari. Allah ya jiƙan Tafida, ya sa Aljanna ce makomarsa.