Tarihin Marigayi Sarkin Katsina Ɗan Kasawa, Mai Kafa Gadon Sarauta a Bakin Gulbin Maraɗi

Duk wanda ya bi salsalar sarautun ƙasar nan, tun daga Maraɗi har Tasawa, zai iske sunan Ɗan Kasawa a kan gaba. Shi ne sarkin da aka naɗa ana cikin gudun hijira, ya shekara goma da ƴan kai yana amsa sunan Sarkin Katsina ba tare da birni ba, daga baya ya mai da wani ɗan ƙauye na bakin gulbi gidan sarauta.

Asalinsa

Ɗan Kasawa ɗa ne ga Sarkin Katsina Agwaragi, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18. Ya tashi a zamanin da Birnin Katsina yake matattarar malamai da fatake, ayarin Azbin na sauka a ƙofofinsa, kuma yaƙi bai cika yankewa tsakaninsa da Gobir ba.

Faɗuwar birni da naɗinsa

A shekarar 1807, jama'ar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Birnin Katsina, sarauta ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje. Sarki Magajin Haladu ya fita da sauran mutanensa zuwa Ɗankama. Can ma aka bi su da yaƙi, kuma can sarkin ya rasu. A cikin wannan hali na ruɗani ne manyan fada suka naɗa Ɗan Kasawa, don kada zuriyar sarauta ta yanke.

Sabon sarki ya nufi gabas da ƴan tsirarun da suka saura, ya nemi mafaka wurin Sarkin Damagaram. Bayan ya ɗan zauna a can, sai ya koma Gafai, inda ya daɗe yana jiran lokaci. Babbar nasararsa ta waɗannan shekaru ita ce haƙuri: ya riƙe mutanensa ba su watse ba, ya kuma tsare sarautun fada yadda ya gada.

Zuwansa Maraɗi

A lokacin nan Maraɗi ƙaramin gari ne na manoma da mahalba, yana zaune cikin kwarin gulbi, tudu na bisa kansa, kurmi ya kewaye shi. Sunan garin ma sunan sarautar mai riƙonsa ne. Bayan faɗuwar Katsina, sababbin masu mulki suka aza wa yankin wakili mai suna Mani. Da zaman ya ƙi daɗi, mutanen ƙasa suka yi bore, suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo ya karɓi ƙasar iyayensa. Wajen shekarar 1819 ya iso.

Wurin ya dace da bukatarsa. Kurmin gulbi yana karya ƙarfin dawakin abokan gaba, fadama tana ciyar da jama'a ko da damina ta yi gardama. Nan ya kafa fada a kan tsarin Katsina, da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi a matsayin manyan majalisa masu zaɓen sarki, ga kuma Iya mai shugabancin mata. Katsinawan da suka warwatsu suka yi ta tahowa, gari ya cika. Har ya rasu wajen 1830 bai daina neman komawa Birnin Katsina ba, amma Allah bai nufa ba.

Abin da ya bari

Magajinsa Rauda ya ci gaba da gwagwarmaya har ya faɗi a yaƙin Gawakuke cikin 1836, tare da Sarkin Gobir Ali. Bayan wannan yaƙi ne Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, garuruwan biyu suka zama maƙwabta kuma abokan yaƙi. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da su ƙarƙashin Sarkin Katsina na Maraɗi, kasuwar Tasawa tana ci sosai.

A ƙarshen ƙarni na 19 rigimar gado ta sa Sarki Mijinyawa ya baro Maraɗi ya zauna Tasawa, kuma a nan Faransawa suka aje kwamandansu kafin su mai da shi Maraɗi a 1927. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin da Ɗan Kasawa ya raya, jama'a suka hau tudu suka sake gini. Cinikin gujiya da fataucin Alhazai suka ɗaukaka sabon garin, har ya zama babban birnin jiha kuma cibiyar kasuwancin Nijar.

Ruwa ya tafi da katangun farko, amma sarautar da ya ɗauko daga Ɗankama tana nan: har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai gadon Maraɗi. Allah ya jiƙan Ɗan Kasawa, ya gafarta wa magabata baki ɗaya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.