Ivan Magill: Likitan da ya tsare numfashin majinyata a ɗakin tiyata

A farkon ƙarni na 20, buɗe ƙirjin mutum kasada ce da manyan likitoci ke shakkarta. Da zarar iska ta kutsa ta wurin yankan, sai huhu ya motse, iskar oksijin ta ragu a jini, majinyaci ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Sir Ivan Magill na cikin waɗanda suka shawo kan wannan matsala.

An haife shi a garin Larne da ke arewacin tsibirin Ireland a shekarar 1888, ya kammala karatun likita a Belfast a 1913, sannan ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1919 aka tura shi asibitin Sidcup a Ingila, inda Harold Gillies ke gyara fuskokin sojojin da yaƙi ya ragargaza. A wancan zamani, ta abin rufe hanci da baki ake shaƙa wa majinyaci maganin sa barci, alhali nan ne wurin da za a yi aikin. Shi da abokin aikinsa Stanley Rowbotham suka koma zura faffaɗan bututun roba ta hanci har cikin maƙogwaro, numfashi na shiga da fita ta cikinsa.

Wannan dabara ce ya kai asibitin Brompton na Landan, inda ake yi wa masu tarin fuka da ruɓar huhu tiyata. Akan kwantar da majinyaci a gefe guda, huhu mai ciwo na sama, don haka mugunya da jini kan gangara su toshe lafiyayyen huhun, mutum ya shaƙe. A 1936 Magill ya fito da siririn bututu mai 'yar balan-balan a bakinsa. Idan aka hura ta, sai ta toshe hanyar huhu mai ciwo, a zuƙe ƙazantar, lafiyayyen kuma ya ci gaba da ɗaukar oksijin shi kaɗai.

Da shi aka kafa ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya da Ireland a 1932. Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ta Sir a 1960, ya kuma rasu a 1986 yana da shekara 98. Har yau ɗakunan tiyata na amfani da hantsakin da ke ɗauke da sunansa.